Wa Ke Biyan Kuɗin Tambaya? Daga Yajin Aikin 1992 Zuwa Unguwar Jeji

Wanda ya baro Birnin Kebbi ya nufi kudu, ba zai yi nisa ba zai iso Kalgo. Idan ya saki hanyar Jega ya kama ta Bunza, zai tarar da mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a Unguwar Jeji. Sunan na Birnin Kebbi ne, amma ƙasar da jami'ar take kai ta Kalgo ce, kuma a cikin garin Kalgo ta fara karantarwa kafin gine-ginenta su tashi. Gwamnatin Goodluck Jonathan ce ta kafa ta a 2013 tare da ta Gusau da ta Gashuwa, domin kada a bar wata jiha babu jami'ar tarayya. Farfesa Lawal Suleiman Bilbis ne shugabanta na farko, ɗaliban farko kuma sun shigo a ƙarshen 2014.

Kamar sauran jami'o'in gwamnati, a jikin gine-gine da yawa akwai rubutun da ido ya saba da shi har ya daina karantawa: TETFund, sai shekarar da aka ba da kuɗin. Mukan wuce shi kamar yadda muke wuce allon ɗan kwangila a bakin titi. Alhali wannan asusu shi ne babbar taskar da ƙasar nan ta tanada domin bincike, kuma asalinsa yana komawa ga gwagwarmayar da wani ɗan garin Jega ya jagoranta, garin da ke maƙwabtaka da Kalgo.

A 1992 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki a ƙarƙashin shugabancin Attahiru Jega. Lokacin mulkin Janar Babangida ne, tsarin tsuke bakin aljihu ya cinye albashi, ɗakunan gwaje-gwaje sun zama kango, manyan malamai suna ta ficewa ƙetare. Gwamnati ta haramta ƙungiyar, daga baya dole ta zauna da ita, aka sa hannu a yarjejeniya a watan Satumba na shekarar. Da gwamnati ta ce ba ta da kuɗi, malaman ne suka nuna mata inda za a samo: a ɗora wa kamfanoni haraji na kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, a keɓe shi ga ilimi. Dokar soja mai lamba 7 ta 1993 ta tabbatar da haka. Da farko asusun yana taɓa kowane mataki, har firamare, sai kuɗin suka riƙa watsewa kamar an zuba ruwa a rairayi. A 2011 aka sake dokar, aka taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati, ya zama TETFund. Harajin ya hau zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, ya kai kashi 3 a 2023. Shi kuwa Jega, ƙaddara ta sake haɗa shi da fasahar zamani ta wata ƙofar, domin a hannunsa aka fara amfani da na'urar tantance katin zaɓe a 2015.

Abin da ya kawo mu ga wannan tarihi shi ne wata tambaya da ta dame mu tun da matsalar tsaro ta matso yammacin Arewa. Wayar da ke hannunmu ta zama wurin ajiyar kuɗi, ta zama hanyar da ɗan bindiga ke neman kuɗin fansa, ta zama abin da gwamnati ke kashewa idan ta rasa yadda za ta yi. To wa ke zama ya binciki waɗannan abubuwa a madadinmu, kuma da kuɗin wa?

A inda fasahar ta fito, amsar a fili take. Da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, Amurka ta firgita, ta kafa wata hukumar bincike a ma'aikatar tsaronta a 1958, ana kiranta ARPA. Hukumar ba ta gina ɗakin gwaji nata ba. Kuɗi take rabawa jami'o'i da kamfanoni, ta ce su yi aiki tare. Daga nan aka samu layin da ya haɗa kwamfutocin cibiyoyi huɗu a ƙarshen 1969, uku a Kalifoniya ɗaya a Yuta, wanda shi ne kakan intanet. Saƙon farko, a ranar 29 ga Oktoba, harufa biyu kawai ya isar na'urar ta tsaya. Babu ɗan kasuwar da zai jure irin wannan tuntuɓe na shekaru ashirin ba riba. Baitulmali ne ya jure. Shafukan da muke buɗewa yau kuma sun samo asali ne a CERN, cibiyar binciken kimiyya da ke Janeba wadda ƙasashen Turai suke tara wa kuɗi. Tim Berners-Lee ya gabatar da shawararsa a can a 1989, a Afrilun 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa.

Misalin da ya fi kusa da zancen tsaro shi ne na makullin saƙo. A 1997 hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka ta nemi sabuwar hanyar kulle bayanai, domin tsohuwar ta tsufa. Maimakon ta rufe ƙofa ta ƙera a asirce, sai ta yi shela ga duniya: kowa ya kawo nasa, kowa kuma ya yi ƙoƙarin fasa na ɗan'uwansa a bainar jama'a. An karɓi hanyoyi 15, aka shekara biyu ana sukar su, a 2000 aka zaɓi ta wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen. Ita ce AES, kuma tana cikin abin da ke kulle saƙon WhatsApp da manhajar bankin da ke wayar mai sayar da shinkafa a kasuwar Kalgo. Gwamnati ta biya kuɗin gasar, ta yarda baƙi su cinye, saboda abin da take nema makulli ne da ya sha gwaji.

Turai ta ɗauki darasin ta mayar da shi doka. Da ta ga Amurka da Japan sun yi mata fintinkau a harkar kwamfuta, ta ƙaddamar da shirin ESPRIT a 1984, da sharaɗin cewa ba za a ba kamfani ɗaya shi kaɗai ba, sai ya nemo abokin aiki daga wata ƙasar. Shirin Horizon 2020, wanda ya gudana daga 2014 zuwa 2020 da kusan Yuro biliyan 80, ya nemi aƙalla cibiyoyi uku daga ƙasashe uku. Ba zumunci ne ya haɗa su ba. An ɗaure kuɗin ne da sharaɗin haɗuwa, wanda ya ƙi haɗuwa ya kwana da yunwa.

Kada a ɗauka mu baƙi ne a wannan tsari. A 1964 aka fara Shirin Binciken Tarihin Arewa, haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Ahmadu Bello, da kuɗin gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna. Kenneth Dike da Abdullahi Smith ne suka tsaya masa, matasa irin su Murray Last suka bi gidajen malamai suna neman littattafan da aka rubuta da hannu, ana ɗaukar hotonsu a mayar wa masu su. Fasahar lokacin ke nan, kyamara da fim. Da wannan aiki da irinsa na Ibadan ne rubuce-rubucen Shehu Abdullahi na Gwandu da na zuriyarsa suka shiga kundin da ɗalibi a ko'ina zai iya nema. Abin lura shi ne tambayar tamu ce, kuɗin namu ne, baƙin da suka shigo kuma sun shigo ne a ƙarƙashin inuwar jami'o'inmu. Sakamakon yana nan a Zariya har gobe.

Da zamanin intanet ya zo, sai lamarin ya juya. Kuɗin jami'o'i sun riga sun ƙafe, don haka da igiyar wasu muka ja ruwa. Wani shirin UNESCO da gwamnatin Italiya ta ɗauki nauyinsa ne ya fara kawo saƙon imel wasu cibiyoyin Najeriya a tsakiyar shekarun 1990. Adireshin ƙasar nan a intanet, wato .ng, an yi masa rajista a 1995, amma a lokacin na'urar da ke riƙe da shi tana birnin Pisa, a hannun cibiyar binciken gwamnatin Italiya. Ƙungiyar da ke kula da shi a gida sai a 2005 aka kafa ta. Jami'ar Ile-Ife ta shimfiɗa layinta da taimakon cibiyar kimiyya ta Trieste wadda Abdus Salam ya kafa, wasiƙun jami'o'inmu ma ta can suka riƙa bi kafin su isa duniya. Bayan 2000 gidauniyoyin Amurka masu zaman kansu, MacArthur da Carnegie, suka tallafa wa Bayero da Ahmadu Bello da wasu 'yan ƙalilan da kwamfutoci da kuɗin layi. Alheri ne, ba mu raina ba. Sai dai mai ba da kyauta shi ke zaɓen wanda zai ba, kuma a wancan lokaci duk jihar Kebbi babu jami'a ko ɗaya. Ta Aliero sai a 2006 ta zo.

Yunƙurin da ya fi kama da na Turai shi ne NgREN, layi na musamman da zai haɗa jami'o'i domin malami a Sakkwato ya yi aiki da na Nsukka kamar suna ofis ɗaya. Hukumar jami'o'i ta ƙasa da kwamitin shugabannin jami'o'i ne suka kafa shi da kuɗin Bankin Duniya, aka ƙaddamar da shi a Yulin 2014 da jami'o'in tarayya 27, wato tsofaffin. A wannan wata Kalgo ba ta ma ga ɗalibinta na farko ba. Kafin sababbin jami'o'i su miƙe su nemi shiga, kuɗin bankin sun ƙare, aikin ya shiga tangal-tangal a kan wa zai ci gaba da biyan kuɗin layi. Wannan ciwo ne da muka sani: a samu kuɗin farawa daga waje, a rasa na riƙewa daga gida.

Sai mu dubi ɓangaren tsaro, inda tarihin ya fi ɗaci. Tun da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a Janairun 2001, kowane a kan dala miliyan 285, gwamnatocinmu hanya biyu suka fi bi idan fasaha ta haɗu da tsaro: ko su sayo, ko su ba da umarni. A 2010 aka ba kamfanin ZTE na Sin kwangilar dala miliyan 470 domin kyamarorin tsaro da layin sadarwar 'yan sanda, mafi yawan kuɗin bashi ne daga bankin Sin. Mazauna Abuja sun ga turakun a tsaye, majalisa ta yi ta zaman bincike a kan dalilin da ya sa ba sa aiki, bashin kuma bai fasa zama bashi ba. A 2011 aka fara rajistar layukan waya. A 2015 aka ci tarar MTN dala biliyan 5.2 kan layuka sama da miliyan biyar marasa rajista, daga baya aka sasanta a kan naira biliyan 330. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar zama ɗan ƙasa, tsofaffi da masu goyo suka yi ta kwana a layi, a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira. Hujjar ita ce za a riƙa gano masu garkuwa da mutane. A farkon 2024 ministan da ya jagoranci aikin, Isa Ali Pantami, bayan ya bar kujera, ya fito yana kukan cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata.

Umarnin da ya fi taɓa talaka shi ne kashe sabis. An fara shi a Mayun 2013 a Borno da Yobe da Adamawa, lokacin dokar ta-ɓaci. A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kai, domin an yi bincike. Malamai biyu na Jami'ar Amurka da ke Yola, Jacob Udo-Udo Jacob da Idorenyin Akpan, sun tattauna da jami'an tsaro da mazauna yankin, suka wallafa sakamakon a 2015. Sun samu cewa sojoji suna ganin matakin ya yi musu amfani a fagen daga, amma ya fusata jama'ar da ake son ta ba da haɗin kai, ita kuma Boko Haram ta sauya salon shirinta ta koma daji ta ƙara dunƙulewa. Jami'a mai zaman kanta ce ta yi wannan aiki, kuma takardar tana nan a buɗe ga duk mai son karantawa.

Shekara shida bayan wallafa ta, a farkon Satumbar 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk jihar Zamfara bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle. An ce mako biyu, aka yi watanni. Ƙananan hukumomi 13 a Katsina da 14 a Sakkwato da wani yanki na Kaduna suka bi sahu. Mu da ke Kebbi mun ji abin a jikinmu ta wajen 'yan'uwa da abokan ciniki: mai POS ya rufe rumfa, wanda aka kai wa hari ya rasa yadda zai kira agaji, mutum ya hau mota ya ƙetara wata jiha don kawai ya sanar da rasuwa. Rahotanni sun nuna 'yan bindigar da ke kusa da iyaka sun koma kan layukan Nijar. Ba muna cewa gwamnonin sun yi da mugun nufi ba. Mutum idan ruwa ya ci shi ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abin da muke cewa shi ne mataki irin wannan, wanda ya shafi miliyoyin mutane, shi ne ainihin abin da ake tara masanin sadarwa da na tattalin arziki da na zamantakewa da jami'in tsaro a kansa, tun kafin a kashe da bayan an kunna, a ƙirga abin da aka samu da abin da aka rasa. Bayanan suna hannun kamfanonin waya da bankuna da asibitoci. Haɗa su wuri ɗaya ba aikin malami ɗaya ba ne da albashinsa.

Kuma matsalar ba ta tsaya a maƙwabta ba. A ranar 17 ga Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri, wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo. A Nuwambar 2024 Lakurawa suka kai hari Mera a ƙaramar hukumar Augie. A Janairun 2025 aka kashe mutane a Gumki, ƙaramar hukumar Arewa, a wurin da ake kafa turken sa ido na hukumar shige da fice. Wannan na ƙarshe ya isa ya nuna cewa na'ura ba ta tsare kanta, kuma wanda ya zana taswirar inda za a kafa ta yana bukatar wanda ya san dajin da mutanensa.

Akwai wani fanni da aka yi binciken haɗin gwiwa sosai a kanmu, da kuɗin gwamnati, sai dai gwamnatocin ba namu ba ne. Shi ne koya wa kwamfuta Hausa. Hukumar nan ta ma'aikatar tsaron Amurka, wadda yanzu ake kira DARPA, ta buɗe wani shiri a 2015 mai suna LORELEI, domin na'ura ta iya tsintar ma'ana cikin gaggawa daga harsunan da ba su da yawan rubutu a intanet idan wani bala'i ya auku. Hausa tana cikin harsunan farko da aka tara wa bayanai. Tarayyar Turai kuma ta ba da kusan Yuro miliyan 3 ga shirin GoURMET daga 2019 zuwa 2022, domin fassarar labarai da na'ura, Hausa na ciki. Abokan aikin biyar ne: jami'o'in Edinbara da Alikante da Amsterdam, sai BBC da Deutsche Welle. A duba jerin da kyau. Harshen namu ne, amma babu Kano, babu Zariya, babu Yamai a teburin. Ba laifinsu ba ne, kuɗinsu ne, kuma bukatar gidajen rediyonsu suka biya.

Abin ya fara sauyawa ne da matasanmu suka ƙi jira. Ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka da takwararta HausaNLP sun taso ne daga sa-kai. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa daga jami'o'i daban-daban suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan dubu talatin-talatin a Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka, waɗanda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna tantance na yabo da na suka. Irin wannan tari shi ne tubalin da ake bukata kafin na'ura ta iya gane kalaman tunzura jama'a, kuma wanda ya tuna yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura wutar rikicin Filato a 2018 ya san wannan zancen tsaro ne. Kuɗin aikin sun fito daga Lacuna Fund, asusun da gidauniyar Rockefeller da Google da hukumomin raya ƙasashe na Kanada da Jamus suka haɗa. Wato ko a nan, mai biyan haraji a Kanada ya riga na Najeriya sa hannu. Gwamnatinmu ta biyo baya: cibiyar ƙirƙirarriyar basira ta ƙasa a Abuja a 2020, tallafin naira miliyan biyar-biyar ga masu bincike 45 da aka sanar a 2023, sai manhajar harsunan gida da aka fitar a 2025.

A nan ne Kalgo take da abin da Edinbara ba ta da shi, har Kano ma ba ta da shi. Na'urorin nan daga rubutun gidajen rediyo da jaridu suka koyi Hausa, wato daidaitacciya mai kama da ta Kano. Mutumin Gwandu ko Argungu ba haka yake magana ba. Zai ce "mi" inda Bakano zai ce "me", ya ce "shina zuwa", ya ce "yat tahi". Kuma mafi yawan abin da ke yawo a wayoyin ƙauye ba rubutu ba ne, saƙon murya ne. Gargaɗin cewa an ga babura a daji da murya yake zuwa, jita-jitar da ke tayar da gari ma haka, ɗan damfarar da ke cewa shi ma'aikacin banki ne a turo masa lambar sirri shi ma haka. Ga Zabarmanci da Dandanci a bakin iyaka, ga Fulatanci a rugage, ga Dakarci a ƙasar Zuru. Duk wata na'urar gargaɗi ko ta kama damfara da ba ta jin waɗannan, a wajenmu kurma ce. Ɗaliban da suka tashi da waɗannan harsuna a bakinsu suna zaune a azuzuwan Unguwar Jeji, wasu a sashen kimiyyar kwamfuta, wasu a fannin harsuna da zamantakewa.

To ina kuɗin? Suna nan, sai dai yadda aka tsara su. Kaso mafi tsoka na TETFund gini yake tafiya da kayan aiki da tura malamai ƙaro karatu, kuma ga jami'ar da ta fara daga fili, ba za mu ce wannan kuskure ba ne. Ba a bincike a gindin bishiya. Na bincike iri biyu ne. Akwai ƙaramin tallafi da kowace makaranta ke raba wa malamanta, wanda ya daɗe bai wuce naira miliyan 2 ba. Shi ne ya fi isa hannun malamai, shi ne kuma ke haifar da takardar mutum ɗaya ko biyu, a raba wa mutum ɗari uku takardar tambayoyi, a wallafa, a samu ƙarin girma. Sai Asusun Bincike na Ƙasa, wanda ake gasa a kansa, kuma shi ne ke neman tawaga daga fannoni da makarantu daban-daban. A zamanin Farfesa Suleiman Bogoro ya tashi daga naira biliyan 5 a 2019 zuwa 7.5 a 2020, zuwa 8.5 a 2021, tallafi ɗaya kuma ba ya wuce naira miliyan 50. A 2021 wannan ya haura dala dubu ɗari. Bayan faɗuwar naira a 2023 da 2024 ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na haka, alhali kwamfutar da ake horar da na'ura da ita da dala ake sayenta. Gasar kuma, bisa ɗabi'arta, ta fi yi wa tsofaffin jami'o'i daɗi, masu farfesoshin da suka saba rubuta takardar neman tallafi. Turai ta gane wannan, ta ware wani kaso musamman domin manyan cibiyoyi su ɗauki na ƙasashen da ke baya su yi tafiya tare. A ganinmu sharaɗi irin wannan, cewa babbar jami'a ba za ta ci babban tallafi kan tsaron Arewa maso yamma ba sai da ƙaramar da ke zaune a wurin, ya fi sabon gini amfani.

Sauran taskokin a warwatse suke. Dokar NITDA ta 2007 ta ɗora wa bankuna da kamfanonin sadarwa harajin kashi 1 na riba domin raya fasaha. Hukumar sadarwa tana da nata tallafin ga jami'o'i. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta kafa asusun tsaron intanet a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma da Babban Banki ya ce a Mayun 2024 za a riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga kuɗin da ake turawa ta waya domin cika shi, ihun jama'a ya sa aka janye cikin kwanaki. Mutane ba su ga abin da za a yi musu da kuɗin ba, kuma babu wanda ya tsaya ya nuna musu. A ƙarshen shekarar nan ta 2024 TETFund kansa ya tsallake rijiya da baya, lokacin da ƙudurin gyaran haraji ya zo da shawarar a riƙa rage kasonsa har ya ƙare a 2030. ASUU ta sake tashi, kamar yadda ta yi shekara talatin da biyu kafin nan. Dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta haɗe harajojin nan wuri ɗaya a kashi 4 cikin ɗari, ta bar wa TETFund rabi, ta kuma yanka wa asusun tsaron intanet nasa kason.

Abokan da za a zauna da su ba su da nisa. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero tana gaba da Jega kaɗan, kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru tana Birnin Kebbi, Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana Sakkwato da tsofaffin malamanta. Akwai kuma wadda ba mu cika tunawa da ita ba. A 2014, shekarar da Kalgo ta karɓi ɗalibanta na farko, Nijar ta kafa sababbin jami'o'i huɗu, kowace da fannin da aka ba ta, ta Doso aka ba ta fasahar sadarwar zamani. Jihar Doso ita ce ke jingine da Kebbi ta yamma. Lakurawan da ke addabar Arewa da Augie suna ƙetara iyakar nan, sabis ɗin wayar ƙasashen biyu yana tsallaka ta, Zabarmanci da Hausar da ake yi a ɓangarorin biyu iri ɗaya ne. Juyin mulkin Yulin 2023 ya sa an rufe iyakar tsawon watanni, dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami. Amma titin da ya wuce ta gaban ƙofar jami'a a Unguwar Jeji, idan aka bi shi ta Bunza, Kamba yake kaiwa, daga Kamba sai Gaya, daga Gaya sai Doso.